Sau Nawa Ya Kamata Mugu Ya Fito a Littafin Almara?

Kwanakin baya wata ƙanwata a harkar rubutu ta turo mini littafinta na farko in duba mata kafin ta sake shi. Labarin almara ne irin na masarautu da tsafi da aljanu, babi arba'in da ɗaya. Mugun labarin wani matsafi ne da ke zaune cikin kogo a ƙarƙashin dutse, kuma ta yi masa aiki sosai. Ta siffanta faratansa, ta siffanta madubin tsafinsa, har ƙaurin hayaƙin kaskonsa sai da na ji kamar yana shiga hancina. Da ya fara fitowa a babi na biyu tsigar jikina ta tashi. A babi na tara na lura na fara karanta wurarensa da sauri. Kafin in kai babi na ashirin na san abin da zai yi tun bai yi ba: zai duba madubi, ya ga jarumi ya tsira, ya fusata, ya kashe hadimi ɗaya, ya bushe da dariyar mugunta, ya rantse cewa wannan karon babu makawa. Na koma na ƙirga, ya fito sau ashirin da shida. Da na faɗa mata sai ta ce, "To Yaya, in na ɓoye shi ai mutane za su manta da shi."

Tsoron nata yana da tushe, kuma duk wanda ya taɓa zama ya rubuta dogon labari ya san shi. Akwai littattafan da ake ambaton wani azzalumin sarki tun shafin farko, ana ta cewa yana nan tafe, duniya za ta kife, amma mai karatu ya yi tafiyar shafi ɗari uku ko ƙurar dawakinsa bai hango ba. Ranar da aka yi gaba da gaba a babin ƙarshe sai ka ji kamar jarumi na faɗa da baƙon da ya sauka jiya. Wannan ma ciwo ne, kuma bai fi nata sauƙi ba. A ganina dai tambayar sau nawa mugu zai fito ta yi gaggawa, akwai wadda ta riga ta. Me wannan mugun ya hana mutanen labarin yi, kuma a waɗanne shafuka mai karatu ke jin zafin hanin?

Ban san misalin da ya kai na rijiyar Kusugu ba. A labarin Bayajidda, macijin da ke cikin rijiyar Daura ba ya yawo a gari, ba ya magana, ba a kuma kai mu cikin raminsa mu ji abin da yake saƙawa. Abu ɗaya ya yi, ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Amma dubi inda wannan abu ɗaya ya kai. Baƙo ya iso da dare, ya roƙi tsohuwa Ayana ruwa, ta ce babu. A ƙasar da ruwa ne abin da ake fara miƙa wa baƙo tun kafin a tambaye shi sunansa, an kai tsohuwa ga rasa abin ba baƙonta. Ba mu ga maciji ba tukuna, amma mun gan shi a busasshiyar randa, mun gan shi a fuskar mai masauki. Da ya tashi fito da kansa sau ɗaya ya fito, a nan kuma aka sare kan. Kwana shida na ƙishi a kowane mako su suka ɗauke masa nauyin da babi ashirin da shida suka kasa ɗauke wa matsafin ƙanwata.

A adabin Turawa, wanda ya kai wannan dabara maƙura shi ne J.R.R. Tolkien a The Lord of the Rings, da ya fito cikin juzu'i uku a 1954 da 1955. Sunan littafin kansa laƙabin mugun ne, Sauron, mai zoben. Duk da haka, a cikin shafuka sama da dubu babu wurin da ya shigo ɗaki ya zauna muka kalle shi. Mafi kusa da muka zo shi ne lokacin da Pippin, ɗaya daga cikin abokan tafiyar jarumi, ya leƙa wani dutsen gani, kuma ko a nan daga bakin yaron muka ji abin da ya faru, bayan ya farfaɗo yana makyarkyata. A ƙofar ƙasarsa ma manzo ya aiko ya yi magana a madadinsa. Ɗan abin da muka sani game da jikinsa daga Gollum ya fito, wanda aka azabtar a hannunsa, da ya ce yatsu huɗu ne a baƙin hannun.

Marubuta da yawa sun karanta wannan suka ɗauka sirrin shi ne a ajiye mugu a wata hasumiya mai nisa a riƙa ambaton sunansa. Sun manta da zoben. Tolkien ya ɗauki wani yanki na mugun ya rataya shi a wuyan jarumi, ya sa shi tafiya da shi dare da rana. Tun a farkon tafiya, sa'ad da jarumin, Frodo, ya ɓuya a gefen hanya baƙin mahayi ya tsaya yana shinshina iska, abin da ya fi ban tsoro a wurin shi ne yadda hannun Frodo da kansa ya fara zuwa ga zoben. Boromir, jarumi mai son ƙasarsa, ya kai ga yunƙurin ƙwace zoben daga hannun abokin tafiyarsa. Denethor, mahaifin Boromir, ya yanke ƙauna har ya cinna wa kansa wuta, saboda abin da Sauron ya zaɓa ya nuna masa a dutsen gani. A ƙarshe Frodo, bayan duk wahalar da ya sha, ya tsaya a bakin wutar ya ce ba zai jefa ba, zoben nasa ne. Babu babi ɗaya da Sauron ba ya cikinsa, don yana cikin kowace shawara da mutanen suka yanke: wace hanya za a bi, wa za a yarda da shi, a hura wuta da dare ko a kwana cikin sanyi.

Akwai kuma abu na biyu da ake mantawa. Mugun da ke nesa yana bukatar fuskoki a kusa. Mai karatu ba ya iya ƙin duhu, mutum yake iya ƙi. Shi ya sa aka ba mu baƙaƙen mahaya tara, bayin Sauron, aka ba mu Saruman mai zaƙin baki, da Wormtongue da ke raɗa wa tsohon sarki guba a kunne, da Gollum wanda muke tausayi muna kuma tsoron ya kwana kusa da mu. Waɗannan su ke magana, su ke gardama, su ke cin amana. A cire su, littafin ya zama tafiya a ƙasa da labarin yanayi.

To amma me ya sa ba a nuna shi ba, tun da an nuna su? Saboda irin mugun da yake. Sauron a labarin ya fi kama da fari ko annoba. Abin da ya kai wannan girma, da zarar ka ba shi kujera da baki da amsa, ka auna shi, kuma duk abin da aka auna ya ragu. Hausawa sun gama maganar tuntuni: ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Ko a tatsuniyoyin da aka yi mana muna yara, Dodo ya fi kwarjini lokacin da yake cikin ruwa ko bayan gari ana jin motsinsa. Da zarar ya zauna ana hira da shi, to Gizo ya kusa yi masa wayo.

A nan ne lissafin ƙanwata ya karkace, kuma lissafi ne mai sauƙi. Tun da jarumi ba zai mutu a babi na bakwai ba, duk haɗuwar da za su yi da mugu kafin ƙarshe, mugu ne zai tashi hannu rabbana. Haɗuwa goma, faɗuwa goma. Mai karatu ba wawa ba ne, yana riƙe da wannan ƙidaya ko bai sani ba. Ka ce masa matsafin nan ya shafe birane saba'in, amma idonsa ya ga matsafin ya kasa kama saurayi ɗaya sau goma, to abin da ya gani zai gaskata. Kashe hadimi don huce haushi ba ya gyara wannan, don ba mu san hadimin ba, mutuwarsa ba ta ci mana komai ba.

J.K. Rowling ta san wannan lissafi. A littattafai bakwai na Harry Potter, daga 1997 zuwa 2007, mugun labarin, Voldemort, ya daɗe ba shi da jiki. A na farko fuska ce kawai a ƙeyar wani malami, a na biyu tunani ne da aka adana cikin littafin rubutu, a na uku bai fito ba sam. Duk tsawon lokacin mutane na tsoron ko furta sunansa, wannan kuwa shi ne busasshiyar randar labarin. Da ya dawo da cikakken jiki a maƙabarta a littafi na huɗu, tun kafin ya miƙe tsaye an kashe Cedric da umarninsa, yaron da muka yi littafi guda muna gani yana gasa, muna ganin mahaifinsa na alfahari da shi. Harry ya tsira, amma ya koma da gawa. Ƙa'idar da nake ɗauka daga nan ita ce, duk fitowar babban mugu a fili ta zo da asarar da ba ta dawowa. In marubuci ba shi da abin da zai sadaukar a wannan babin, ya bar mugun a inda yake.

Akwai wata hanyar kuma da ta saɓa wa ta Tolkien, wadda nake ganin ta fi dacewa da yawancin sabbin marubuta. Bram Stoker ya bi ta a Dirakula, 1897. Babi huɗu na farko ya ba mu mugun gaba ɗaya. Yana tarbar baƙonsa Jonathan Harker a ƙofa, yana ɗaukar masa kaya, yana zama da shi har asuba yana tambayarsa yadda ake rayuwa a Landan. Muna ganin ba ya cin abinci, muna ganin madubi ba ya nuna shi, muna ganinsa yana rarrafe a bangon gidan kai a ƙasa kamar ƙadangare. Daga nan sai aka janye shi. Abin da ya biyo baya sawunsa ne: kundin wani jirgin ruwa inda matuƙa ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har jirgin ya shigo gaɓar Ingila da gawar kyaftin ɗaure a sitiyari, sai akwatunan ƙasa hamsin, sai budurwa da ke ramewa kullum likitoci sun rasa dalili. Littafin duk wasiƙu ne da kundin tunanin mutane, amma Dirakula bai rubuta nasa kundin ba. An biya mu kuɗin tsoro tun farko, sauran littafin muna cin ribarsa. Wanda ya bi wannan hanya ba ya fargabar a manta da mugunsa, don mai karatu ya riga ya ci abinci a gidansa.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu ya shafi mugu mai girman annoba. Akwai wani iri dabam da dokarsa ta juya, shi ne mugun cikin gida. Wannan in ka ɓoye shi ka kashe labarin, domin ƙarfinsa yana cikin kusancinsa. Waziri a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda juzu'inta na farko ya fito a 1937, ba shi da tsafi, ba shi da rundunar aljanu. Amana yake da ita, ita kuma ya sayar, ya haɗa kai da Sarkin Sinari. Da ɗan gari akan ci gari. Sarki ya tafi yaƙi, ɗansa Musa na ɗokin fita, aku na riƙe shi da labari har gari ya waye. Labaran aku suna da daɗi a kan kansu, amma abin da ya ɗaure su wuri ɗaya shi ne mun san wanda ke jiran yaron ya taka waje, kuma mun san a fadar yake, ana faɗuwa ana gaishe shi. Haka malama Umbridge a littafi na biyar na Harry Potter. Masu karatu da yawa sun fi jin haushinta a kan Voldemort, alhali makaminta doka ce da murmushi, da alƙalamin horo da ke yanka bayan hannun ɗalibi yana rubutu. Tana nan kusan ko'ina cikin makarantar, kuma yawan ganinta bai rage ta ba, ƙara ta yake yi, don kowa ya taɓa zama ƙarƙashin mai iko irinta. Raini ba ya shiga tsakaninmu da irin wannan mugu saboda a kowace fitowa yana cin nasara: sabuwar doka, sabon hani, an kori wani malami.

Saboda haka kafin marubuci ya yanke yawan fitowar, ya fara sanin wane ne a hannunsa, Dodo ko Waziri. Littattafan almara masu ƙarfi galibi suna da duka biyun, kuma kuskuren da na fi gani a rubutunmu na yaƙi da tsafi shi ne a ɗauki Dodo a ba shi yawan shafukan Waziri.

Sai batun shiga cikin kan mugu, wato a ba shi babinsa mu ji tunaninsa. Wannan yana da amfani ɗaya babba. Alfred Hitchcock, mai shirya finafinai, ya bayyana shi da misalin bam a ƙarƙashin tebur: in mutane na hira bam ya tashi ba zato, mai kallo ya razana na daƙiƙa goma sha biyar, in kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko, zai yi minti goma sha biyar zuciyarsa na dukan uku-uku a kan hirar banza. Babin mugu yana iya zama nuna bam ɗin. Mun ga an zuba guba a tulu, yanzu duk wanda ya ce yana jin ƙishi sai gabanmu ya faɗi. Amma a lura, tarkon ake nunawa. Babin da mugu ke zaune yana faɗa wa hadimansa irin muguntarsa bai ɗana komai ba.

Kuma shiga kan mutum yana da farashi, don wanda ka ji uzurinsa ka daina tsoronsa yadda kake yi da. George R.R. Martin ya yi amfani da wannan da gangan. Jaime Lannister ya tura yaro ta taga a littafin farko na jerin littattafansa, A Game of Thrones, 1996, muka tsane shi. A littafi na uku aka fara ba shi nasa babi, kafin a ankara masu karatu sun fara jin ciwonsa. In abin da marubuci ke so ke nan, madalla, dabara ce mai zurfi. In kuwa yana so a ci gaba da jin tsoro, ya san cewa kowane shafi na tarihin ƙuruciyar mugu yana musanya tsoro da fahimta, kuma cinikin ba ya warwarewa. Martin ɗin nan bai taɓa shigar da mu kan halittun ƙanƙara da suka buɗe littafinsa na farko ba.

Akwai dalilin da ya sa wannan matsala ta fi kama marubutanmu na yanzu, kuma ban ga laifinsu ba. Da yawa suna sakin labari ne shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad da Facebook, yau kaɗan gobe kaɗan. Mai karatu na iya yin mako uku tsakanin babin da ya ga mugu da wanda zai sake ganinsa, ga wasu labarai biyar da yake bi a lokaci guda. Marubuciya na ganin sharhi ya yi ƙasa sai ta fito da bos, kamar yadda masu kallon fim ke kiransa, don a motsa. Yana kuwa motsawa a ranar. Sai an haɗa labarin wuri ɗaya an karanta a jere sannan ake ganin mutumin ya yi ta shiga da fita har ya zama ɗan gida. Maganin tunatarwa ce ba tare da fitowa ba, kuma hanyoyinta suna da yawa ga wanda ya san duniyar labarinsa: harajin da ake karɓa da sunansa, waƙar da iyaye mata suka daina yi wa yara, garin da ayari ke kewayewa ko da zai ƙara kwana biyu, aminin da ya dawo daga tafiya ya daina haɗa ido da kowa.

Mun zauna da ƙanwar tawa muka bi fitowa ashirin da shidan ɗaya bayan ɗaya, muna tambayar kowace abin da aka rasa a cikinta. Huɗu ne suka amsa. Ta bar su, ta ƙara ta biyar a tsakiya inda matsafin ya zo da kansa ya ɗauke ƙanen jarumi, wanda a rubutun farko ya rayu har ƙarshe. Wannan ya yi mata wuya, ta yi kwanaki tana ja, don tana son yaron. Sauran wuraren ta raba su ga wani dogari da ke cikin ayarin jarumi, mutum mai fara'a da kowa ke kira Baba, wanda matsafin ke riƙe da 'yarsa.

Babi na tara kuwa, inda na fara sauri a karatun farko, yanzu babu kogo a cikinsa. Ayari ne ya iso wani ƙauye da magariba. Babu hayaƙi a kan ko da rufi ɗaya, ga mutane zaune a ƙofar gidajensu suna cin ɗanyen gero jiƙaƙƙe. Jarumi ya ciro ƙyastu zai hura wuta, wata yarinya 'yar shekara shida ta ruga ta riƙe masa hannu da hannayenta biyu, tana girgiza kai, tana duban dutsen da ke gabas da gari.